In Bututu Ya Nufo Gonarki, Kada Ki Fita Ke Kaɗai

Jawabin kwamitin wayar da kai a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu



Uwar ƙungiya, shugaba da mataimakiyarta, ma'aji da sakatariya, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, da sauran 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Ma'aji ta riga ta karanta mana lissafin shekara, mun ji abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu 'yan kwamitin wayar da kai namu aikin daban ne, wato mu nemo wani abu da zai amfane mu mu kawo shi gaban taro. A bana mun zaɓi magana a kan gona, da abin da ke faruwa ranar da aka ce wani babban aiki zai ratsa ta. Labarin da za mu ba ku a Amurka ya faru. Mun san wata za ta ce a ranta, ina ruwan biri da gada? A yi mana haƙuri a saurara, kafin mu gama za mu dawo gida.

A shekarar 2008 wani kamfanin ƙasar Kanada mai suna TransCanada ya nemi izinin shimfiɗa bututun mai da ake kira Keystone XL. Tsawonsa kusan kilomita 1,900, daga lardin Alberta na Kanada zuwa jihar Nebraska da ke tsakiyar Amurka, kuma an tsara zai riƙa kwarara ganga 830,000 kowace rana. Man da zai ɗauka mai kauri ne kamar kwalta, daga cikin yashi ake tace shi. To, hanyar da aka zana wa bututun ta bi ta gonakin mutane da wuraren kiwonsu. A ƙarƙashin waɗannan gonaki kuwa akwai wani makeken tafkin ruwa na cikin ƙasa da ake kira Ogallala, wanda ya shimfiɗu ƙarƙashin jihohi 8. Da shi suke sha, da shi suke shayar da dabbobi, da shi suke noman rani. A wasu wuraren ƙasar rairayi ce, ruwan kuma yana kusa ƙwarai, ko ɗan haƙa kaɗan aka yi sai a tarar da shi. Kun ga in bututu ya fashe a irin wannan wuri, rijiyar kowa ce ta lalace.

Yanzu ga yadda ake karɓar fili a can. Dokar Amurka ta ba hukuma ikon karɓar filin mutum ko da bai yarda ba, matuƙar don amfanin jama'a ne, kuma an biya shi diyyar da ta dace. A jihohi da yawa ana ara wa kamfanonin bututu wannan iko. Kamfani ba ya sayen gonar gaba ɗaya. Abin da yake saye shi ne izinin ratsawa: wani zirin fili mai faɗin ƙafa 50, na har abada, a biya ki sau ɗaya a wuce. Kina iya shuka a kai, amma ba gini, ba dasa itace, kuma kamfani na da ikon shigowa aikinsa. Jikokinki ma haka za su gaji gonar da wannan sharaɗi a wuyanta.

Wakilan kamfani ba taron gari suka kira ba. Gida gida suka riƙa bi, kowa a zauna da shi shi kaɗai. Wanda ya yi gardama sai ga wasiƙa: an ba ka wa'adin wata guda ka karɓi tayinmu, in ka ƙi mu tafi kotu a karɓa da ƙarfin doka. Ku duba fa, a lokacin ko izinin gina bututun gwamnatin tarayya ba ta bayar ba. Mutane da yawa suka sa hannu. Ba ma zarginsu. Wasu suna bukatar kuɗin, wasu sun yarda cewa aikin zai kawo wa matasa abin yi, wasu kuwa tsoro ne kawai, don manomi ɗaya ina shi ina ja da kamfani mai lauyoyi cike da ofis?

Sai ga wata mata mai suna Jane Kleeb, wadda ta kafa ƙungiyar Bold Nebraska a 2010. Abin da ta yi ba wani abin mamaki ba ne a wurinmu, don irin aikin da uwar adashi ke yi ne. Ta riƙa shiga ƙauyuka tana tara manoma da makiyaya a ɗaki ɗaya. Da suka zauna, kowa ya fito da takardarsa, sai suka gane wasiƙa iri ɗaya ce aka aika musu, barazana iri ɗaya, kowa yana ta fama shi kaɗai a ɗakinsa yana zaton shi ne kawai ya rage. Daga nan masu gonakin suka kafa wata haɗaka da ake kira NEAT a taƙaice, suka ɗauki lauyoyi guda su tsaya musu gaba ɗaya. Duk wakilin da ya zo ƙofar gida, amsa ɗaya ce: je ka ga lauyanmu. Matsin da suka yi ya sa a ƙarshen 2011 aka kira zama na musamman na majalisar jihar, kamfanin kuma ya yarda ya karkatar da hanyar daga yankin rairayin. A farkon 2015 kamfanin ya kai masu gona kimanin 90 kotu don a karɓi filayensu. Suka tsaya tare, alƙali ya dakatar da karɓar, kafin shekarar ta ƙare kamfanin da kansa ya janye ƙararrakin.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu a wannan labari shi ne waɗanda manoman suka haɗa kai da su. Yawancinmu mun taɓa ganin fim ɗin kaboyi, inda fararen fata a kan dawaki ke harbin wasu mutane masu gashin tsuntsu a ka. Waɗannan mutanen su ne 'yan asalin ƙasar Amurka, su Turawa suka tarar. Ƙabilu ne da yawa, kowace da harshenta da sarautarta, kamar Lakota da Dakota da Ponca. Gonakin da manoman Nebraska ke kuka a kansu yau, daga hannun kakannin waɗannan mutane aka ƙwace su. Wato jikokin waɗanda aka kora da jikokin waɗanda aka ba filin, su ne bututu ya haɗa a layi ɗaya.

Bari mu ba ku misali da ƙabilar Ponca. A 1877 gwamnati ta tashe su daga ƙasarsu ta gado a arewacin Nebraska, aka tasa ƙeyarsu zuwa inda ake kira Oklahoma a yau, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin ruwan sama da laka. Mutane suka yi ta mutuwa a hanya da kuma bayan isa. Kusa da wani gari mai suna Neligh wata jaririya 'yar wata 18 ta rasu. Mahaifinta ba shi da ikon tsayawa, sai ya roƙi Turawan garin su kula da kabarin 'yarsa kamar tasu ce. Mutanen garin suka riƙe wannan amana, har gobe ana gyara kabarin ana ziyartarsa. Bayan shekara biyu, a 1879, wani shugabansu mai suna Standing Bear ya kamo hanyar gida don ya binne ɗansa a ƙasar kakanninsa, aka kama shi. A shari'arsa a birnin Omaha ne wani alƙali ya yanke hukuncin cewa ɗan asalin ƙasar shi ma mutum ne a idon doka. Ku ji fa, sai da aka je kotu kafin a yarda da haka.

To, a kusa da wannan gari na Neligh akwai gonar wasu dattawa mata da miji, Helen da Art Tanderup. Mijin tsohon malamin makaranta ne, gonar kuwa gadon dangin matar ce. Hanyar da aka kori Ponca ta ratsa gonar, hanyar bututun ma ta ratsa ta. A 2014 suka gayyaci 'yan Ponca, suka zo da irin masararsu ta gado, aka taru aka shuka ta da hannu a daidai inda bututun zai bi. Shekara 137 rabon wannan iri da ƙasarsa. Daga nan abin ya zama al'ada, kowace damina a taru a shuka, da kaka a taru a girbe a ajiye iri. A 2018 Helen da mijinta suka sa hannu suka mayar wa Ponca wani yanki na gonar, ɗan fili ne da bai kai eka 2 ba. Ƙarami ne, amma ma'anarsa ita ce duk mai son ratsa wannan wuri yanzu, da ƙabila guda zai yi magana.

Wannan ƙawance sun raɗa masa suna Ƙawancen Kaboyi da Indiyawa, suka ɗauki sunan da fim ya mayar na gaba suka yi zumunci da shi. A watan Afrilu na 2014 suka shiga birnin Washington a kan dawaki, suka kafa tantunan gargajiya a babban filin da ke gaban majalisar ƙasa, suka yi kwanaki. Cikin jagororinsu akwai tsofaffin mata irin su Faith Spotted Eagle ta ƙabilar Yankton da Casey Camp-Horinek ta Ponca. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Obama ya ƙi ba da izinin bututun. A 2017 Shugaba Trump ya farfaɗo da shi. Aka koma kotu, aka koma taruka. A ranar 20 ga Janairu, 2021 Shugaba Biden ya soke izinin, a watan Yuni na shekarar kamfanin ya sanar ya haƙura. Shekara 13 ke nan. Wasu da aka fara da su ba su ga ƙarshen ba.

Tsoron da suke ji kuma ba na banza ba ne. A watan Disamba na 2022 tsohon bututun Keystone, wanda ke aiki tun da, ya fashe a jihar Kansas, kusan ganga 13,000 ta malale a gonaki da wani rafi.

'Yan uwa, ba za mu yaudare ku da cewa duk wanda ya tashi tsaye yana cin nasara ba. A jihar Texas wata manomiya, Julia Trigg Crawford, ta ja da wannan kamfani a kan gonar gidansu, ta yi ta ɗaukaka ƙara, a ƙarshe ta faɗi, bututun ɓangaren kudu ya ratsa gonar. Sai kuma labarin Standing Rock, wanda wataƙila wasunmu sun ji a rediyo. Wannan wani bututun ne daban, sunansa Dakota Access. Da farko an duba yiwuwar ya haye kogin Missouri a arewacin birnin Bismarck, sai aka bar wannan hanya, cikin dalilan har da kusancinta da ruwan shan birnin. Aka dawo da shi dab da iyakar ƙasar 'yan ƙabilar Standing Rock, a saman inda su suke ɗiban ruwa. Wata mata, LaDonna Brave Bull Allard, wadda kabarin ɗanta ke kan tudu kusa da wurin, ita ta ba da filinta aka kafa sansanin farko a ranar 1 ga Afrilu, 2016. Dubban mutane daga ɗaruruwan ƙabilu suka hallara, takensu shi ne ruwa rai ne. An saka musu karnuka, an fesa musu ruwa da dare cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. A watan Disamba hukuma ta dakatar da izinin hayewa, suka yi murna. Da gwamnati ta canja aka mayar da izinin, aka tashi sansanin a watan Fabrairu na 2017, zuwa Yuni mai ya fara gudu. LaDonna ta rasu a 2021, bututun na aiki.

Mun zauna a kwamiti mun tambayi kanmu, me ya bambanta wurin da aka yi nasara da wurin da ba a yi ba? Dalilai suna da yawa, har da siyasa da wanda ke kan mulki. Amma abu ɗaya ya fito fili. A Nebraska an haɗa kai tun bututu yana kan takarda, tun ba a kawo motar haƙa ko ɗaya ba. Suka yi ta jan lokaci a kotu da majalisa har zamani ya juya. A Standing Rock kuwa, ko da yake shugabannin ƙabilar sun nuna ƙin yardarsu tun da wuri, lokacin da duniya ta taru aikin ya riga ya yi nisa, an zuba kuɗi masu yawa. Darasin bai ɓace ba. Da wani kamfani ya zo da shirin bututun iskar kabon a jihar Dakota ta Kudu, masu gonaki suka tashi da wuri, suka bi ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya, har a watan Maris na 2025 gwamnan jihar ya sa hannu a dokar da ta hana karɓar fili da ƙarfi saboda irin wannan bututu.

To, mu dawo gida kamar yadda muka yi alkawari. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 2020 aka fara aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614. A Nijar an shimfiɗa na ɗanyen mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2,000. Ga hanyoyi, ga layin dogo, ga turakun lantarki. Mu ba masu ƙin ci gaba ba ne. Wadda ta taɓa rufe injin niƙa saboda tsadar mai ta san darajar wuta. Maganarmu ita ce, duk waɗannan ayyuka ta gonar wani suke bi, kuma wata rana ta wata ce daga cikinmu.

Ya kamata mu san abin da dokarmu ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da muke da shi haƙƙin zama da amfani ne, kuma ana iya soke shi saboda bukatar jama'a, shimfiɗa bututun mai yana cikin abubuwan da dokar ta ambata. Diyyar da ta tanada galibi ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini, amfanin gona da sauran aikin da aka zuba. A nan ne abin ya shafe mu mata kai tsaye. Ranar da masu ƙidaya suka zo, wa suke tararwa a gona? Maigida, ko wa, ko ƙane. Gayaunar da kike nomawa, sunan wa za a rubuta? Gonar da kika gada daga mahaifinki amma kika bar wa yayanki yana nomawa, ba a taɓa rabawa ba, wa zai karɓi kuɗinta? Ɗorawar da kike samun kalwa ki yi daddawa, kaɗanyar da kike man kaɗe, kuka da tsamiya, in ba ki tsaya an ƙirga su ba, sun tafi ke nan, alhali da su kike zubin adashi. Iyayenmu da ke nan sun tuna abin da ya faru a Bakolori a 1980, lokacin da rikicin diyyar gonaki saboda madatsar ruwa ya kai ga asarar rayukan manoma. Ba ma fatan a sake ganin irinsa, shi ya sa muke son a bi ta hanyar takarda da doka tun da sauran lokaci.

Saboda haka kwamiti na kawo shawarwari huɗu gaban wannan taro.

Na farko, mu buɗe rajistar gonakin mambobi. Kowace mace ta faɗi gonarta, gado ce ko saye ko aro, su wa ke maƙwabtaka da ita ta gabas da yamma da kudu da arewa, da itatuwan da ke ciki. 'Ya'yanmu masu waya su ɗauki hoto. Wadda gadonta bai fita ba, a taimaka mata a raba cikin mutunci da shaidar mai unguwa da dagaci, sannan a nemi takardar ƙaramar hukuma.

Na biyu, mu yi wa juna alkawari: babu wadda za ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a kan takardar fili ita kaɗai. A kawo wa sakatariya, a karanta a fassara a gaban shaidu, a riƙe kwafi. Duk wanda ya ce miki sai yau, in ba yau ba kin rasa, ki ce masa ƙungiya za ta zauna tukuna.

Na uku, a ware wani ɗan abu daga ribar shekara a matsayin asusun neman shawarar lauya. Nawa ne, wannan taro ne zai yanke. Kuɗin da ya gagari mace ɗaya ba zai gagari ƙungiya ba.

Na huɗu, kuma shi ne mai wuya, mu nemi maƙwabtan da ba mu saba zama da su ba. Bututu in ya zo, yadda zai ratsa gona haka zai ratsa burtali da mashaya. Matan rugar da muke sayen nono a wurinsu, da mutanen ƙauyen da muke takun saƙa da su kan iyaka, su ma abin zai taɓa su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In jikan wanda aka kora da jikan wanda ya zauna a filinsa sun iya durƙusawa a kunya ɗaya suna shuka masara, to mu da muke cin kasuwa ɗaya ba mu da hujja.

Ga iyayenmu maza da ke wurin nan, muna roƙonku da girmamawa. In an zo ƙidaya, ku kira mu. In gonar matarka ce ko ta ƙanwarka, ka ce a rubuta sunanta. Ba raini ba ne, kare gida ne, domin abin da ya shiga hannunmu kun san inda yake tafiya: tukunya, makaranta da asibiti.

Sakatariya za ta zauna da littafi a bakin ƙofa bayan an ci abinci, duk wadda ta shirya ta fara ba da sunan gonarta yau. Wadda ba ta shirya ba ta je ta yi shawara da mutanen gidanta, za a ci gaba da rubutawa a taron wata. Inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya albarkaci gonakinmu da sana'o'inmu, ya raya mana zuri'a, ya kai mu ta baɗi lafiya.